Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Kwamitin Yaranmu 'Yan Lakros

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Wannan rahoton kwamitin matasa ne na ƙungiyarmu ta iyaye Hausawa mazauna Bronx. Lissafin kuɗi ma'aji zai karanto da bakinsa ranar mitin, ni nawa bayanin yara ne.

Sababbin mambobi har yanzu suna tambaya wai wane irin wasa ne wannan na sanda mai raga a baki. To wasan 'yan asalin ƙasar nan ne, mutanen Haudenosaunee, wasunsu ma 'yan Onondaga suna nan kusa da Syracuse a jiharmu ta New York, kuma a wajensu abu ne mai daraja sosai ba wasan banza ba. A wasan maza 'yan wasa 10 ne a kowane gefe, a na mata 12.

Abin da ya fi faranta mana rai bana a watan Maris ya faru. Tirenin ya fara daidai azumi ya kama, mu iyaye muna ta shawara ko a dakatar da yara har bayan sallah, ashe manyan cikinsu sun riga mu, da kansu suka je suka zauna da koci suka yi masa bayanin azumi, suka roƙi a matsar da lokaci zuwa dab da magariba, suka raba aiki wannan ya kawo dabino wancan ruwa, ana shan ruwa ɗayansu ya ja sallah a bakin fili. Babu babban da ya sa su. Yaran da bara in ka ce su gaida baƙo sai sun ɓuya bayan uwarsu, wallahi su ne suka yi wannan.

Dokarmu ta "ba sakamako ba fili" tana nan daram. Duk yaron da makinsa ya faɗi ko ya fara fashin makaranta, sandarsa tana hannun kwamiti sai ya gyara. An yi kuka, wasu iyaye ma sun kira ni suna ba da haƙuri, ba mu janye ba, kuma mafi yawan waɗanda aka zaunar sun dawo fili kafin kakar wasa ta ƙare. Ranar Asabar kafin tirenin akwai zaman karatu, 'yan haisukul ne ke koya wa ƙanana lissafi da rubutu, kuma wanda bai zo ya koyar ba ba ma ba shi kyaftin komai iya wasansa.

Sai maganar sukolaship, don Allah iyaye a saurara da kyau, na ji wasu na cewa ai sanda za ta kai yaro jami'a kyauta. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in ƙasar nan ba ta barin yaro ya buga wa jami'o'in rukunin farko sai ya gama manyan darussa 16 da matsakaicin maki aƙalla 2.3 cikin 4, rukuni na uku kuma ba sa ba da kuɗin wasa kwata-kwata, tallafinsu na ƙoƙarin karatu ne da na masu ƙaramin ƙarfi. Lakros zai sa koci ya san da yaronka, amma takardar makaranta za a fara dubawa.

Inda ba mu ji daɗi ba shi ne ɓangaren mata. An cire mana 'yan mata masu hazaƙa a tsakiyar kaka, wai aikin gida, wai Islamiyya. Mun gyara lokaci ba ya karo da Islamiyya yanzu. Wasan mata babu bangaza irin ta maza, tabarau na kariya suke sawa da robar baki, kuma da hijabinsu da dogon wando suke bugawa. Hajiyoyinmu ku zo fili ku gani da idonku tukuna kafin a hana.

Godiya ta musamman ga iyayenmu direbobin tasi da suka bar aiki a ranakun da aka fi samun fasinja suka yi ta jigilar yara zuwa filayen Randall's Island, Allah ya mayar da alheri. Hular kwano da safar hannu akwai tsada, yawancin namu kwance ne muka samu.

Yara sun ƙagu da 2028, don lakros zai koma gasar Olamfik a Los Angeles da tsarin 'yan wasa 6 a kowane gefe, rabon da a ba da lambar yabo a kansa tun 1908 a Landan. Mun kuma ba su labarin Uganda da ta fara wakiltar Afirka a gasar duniya a 2014.

A 2026 azumi zai kama tun watan Fabrairu, kyaftin-kyaftin ne za su kawo mana jadawalin tirenin mu duba. Muna neman iyaye mata da za su riƙa zama a fili tare da 'yan mata, wanda kuma kayan wasa suka yi wa ɗansa kaɗan ya kawo ranar mitin a ba na baya. A taho da katin sakamakon zangon farko, da shi za a yi rajista.

Sakataren kwamitin matasa