Wasiƙa zuwa ga Malam Habibu a kan motar ribilt

Assalamu alaikum, Malam Habibu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, na rubuto ne saboda Ɗanladi ya shaida mini cewa ka samu Toyota Camry a hannun wani dillali a nan wajenku, kuɗinta bai kai na sa'o'inta ba, har ka yi alkawarin kai kafin alƙalami ranar Asabar. Ya ce abin da ya ɗan tsaya maka a rai shi ne tambarin ribilt, wato na motar da ta taɓa lalacewa aka gyara ta, da ke jikin takardar mallakarta, amma dillalin ya kwantar maka da hankali da cewa ai hukuma ta duba ta. Na san yadda araha take rinjayarka tun muna makaranta, shi ya sa ban jira kiranka ba. Ina roƙonka ka riƙe kuɗinka tukuna.

Asalin tambarin nan daga lissafin kamfanin inshora yake fitowa. Idan mota ta yi hatsari, ko ta ƙone, ko ambaliya ta ci ta, kamfanin yakan gwada kuɗin gyara da darajar motar, in ya ga gyaran bai biya ba sai ya sallami mai ita ya karɓe ta, jiha kuma ta ba ta takardar salbej. Mota mai wannan takarda ba a yi mata rajista, ba a hawa titi da ita, gwanjo ake kai ta irin na Copart ko IAA. A can masu garejin gyara suke saye, su gyara, su kai hukuma ta duba, sannan a sauya takardar zuwa ribilt, kuma a bisa doka wannan tambarin yana bin motar muddin tana raye.

Kowace jiha da ma'auninta. A Niyu Yok inda kake, motar da ba ta wuce shekara 8 ba takan samu tambarin idan gyaranta ya haura kashi 75 cikin 100 na darajarta, mu kuwa a Teksas sai gyaran ya zarce darajar motar baki ɗaya. Ɗauki motar dala 12,000 da gyaranta zai ci dala 9,500: a wajenku ta zama salbej, a wajenmu kuwa tana iya komawa titi da takarda fes. Wato tambarin ba ya gaya maka girman ɓarnar, domin tsohuwar mota mai ƙaramin kuɗi tana iya samunsa saboda bamba da fitilu da jakar iska (wadda take kumbura ta kare mutum lokacin karo) kawai, yayin da sabuwa mai tsada za ta sha mummunan karo ta tsira ba tare da shi ba.

Maganar dillalinka cewa hukuma ta duba ta gaskiya ce, amma ya rage maka rabinta. Binciken da hukumar rajistar motoci ta Niyu Yok take yi wa motar salbej na gano sata ne: ana duba lambobin jikinta da rasiɗin kayan da aka sa mata, don a tabbatar ba daga motar sata aka ciro su ba. Babu mai shiga ƙarƙashinta ya auna ko shasin ya miƙe daidai, ko waldar da aka yi za ta riƙe ranar da aka sake karo. Wannan aikin naka ne, kuma ba za ka iya shi da idonka ba, komai yawan shekarun da ka yi kana gardama da makanikai. Ka kai ta garejin da kai ka zaɓa, a ɗaga ta sama, a sa mata na'urar bincike. Dillalin da ya hana a fita da ita don wannan, ya riga ya ba ka amsa.

Tambaya ta farko ita ce dalilin da ya sa inshora ya sallama ta. Idan ƙanƙara ce ta lotsa rufinta da bonet, ko sace ta aka yi aka gano ta bayan an biya mai ita, to ana iya zama a yi ciniki, domin injin da ƙashin motar ba lallai ne sun taɓu ba. Idan karo ne da ya kai ga shasi, sai da shaidar ƙwararre. Idan kuwa ruwa ne, ka juya ka tafi ko da kyauta za a ba ka. A nan Hustan mun ga abin da guguwar Harvey ta yi a watan Agustan 2017, lokacin da dubban ɗaruruwan motoci suka nutse, ku ma Sandy ta yi muku haka a 2012, da ruwan gishiri ma, wanda ya fi cin ƙarfe da waya. Motar ruwa takan tashi lafiya ƙalau ranar ciniki, sai bayan watanni tsatsa ta kama mahaɗan wayoyi, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilar birki ta kama, jibi kwamfutar injin ta mutu, kana ta kashe kuɗi kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Ka ɗaga kafet ka taɓa soson da ke ƙasa, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai layin laka, ka leƙa kusoshin da suka riƙe kujeru da ramin safaya. Ƙamshin turare mai yawa a cikin mota ma abin tuhuma ne.

Sai jakar iska, wadda ita ce ta fi damuna tunda da yara za ka riƙa tafiya. Tana da tsada, don haka marasa tsoron Allah sukan sa jabu, ko su rufe murfin ba komai a ciki, su kashe fitilar gargaɗin. Idan ka murɗa makulli, fitilarta ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu da kanta. Wadda ba ta kama ko kaɗan ba, an taɓa ta.

Kada kuma wannan ya sa ka ruga wajen mai takarda fes ido rufe. Saboda bambancin dokokin jihohi, akwai masu yawo da mota daga wannan jiha zuwa waccan har tambarin ya ɓace a hanya. Maganin wannan shi ne lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ka tabbata ta yi daidai da ta jikin ƙofa da ta takarda, sannan ka bincika ta a NMVTIS, rumbun da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, inda doka ta wajabta wa kamfanonin inshora da wuraren gwanjo su kai rahoto. Kuɗinsa 'yan daloli ne. Rahoton Carfax, kamfanin da ke sayar da tarihin motoci, yana da amfani, amma abin da aka kai masa kaɗai ya sani. Sau da yawa in ka sa lambar a intanet za ka ga hotunan motar a filin gwanjo kafin a gyara ta, kuma waɗannan sun fi duk bayanin dillali.

Ko motar ta fita lafiya, ragin da ka gani ba duka ne riba ba. Inshorar da doka ta tilasta za ka samu, amma cikakkiya wasu kamfanoni ba sa bayarwa, masu bayarwar kuma kaɗan za su biya ka in wani abu ya faru. Bankuna da yawa ba sa ba da rance a kanta, garantin kamfanin da ya ƙera ta yawanci ya faɗi, ranar sayarwa kuma kai ma sai ka yi irin ragin da aka yi maka. Ɗanladi ya ce kana tunanin yin Uber da ita da yamma; su ba sa karɓar salbej ko ribilt, don haka in wannan ne nufinka, magana ta ƙare. In ta zuwa aiki da kai yara makaranta ce, za ka biya kuɗi hannu, ka riƙe ta shekaru, to ba zan hana ka ba, muddin an san tarihinta.

Ka turo mini lambar shasin da hoton takardar gaba da baya kafin Juma'a, ka kuma kira kamfanin inshorarka ka ji abin da za su ce tun ba ka ba da ko sisi ba. Ka gaida Hajiya, ka ce mata na ce ta ɓoye katin banki zuwa lokacin.

Naka,
Isiyaku