Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni kan yaron Auschwitz

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Ranar Asabar, a laccar da na yi wa ɗaliban shari'a, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa na ɓata rabin sa'a kan labarin wani yaro Bayahude, alhali ga yaran Gaza can ana zaƙulo su daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Aka tafa maka. Kafin in buɗe baki aka kira magariba, taro ya watse. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan amsa.

Na lura kana ta danna waya lokacin da nake ba da labarin, don haka bari in maimaita.

Sunansa Thomas Buergenthal. An haife shi a 1934 a tsohuwar ƙasar Chekoslobakiya, inda iyayensa suka fake bayan Hitler ya hau mulki a Jamus. Yaƙi ya riske su a Poland, aka tsare su a unguwar da aka killace Yahudawa a garin Kielce. Ranar da aka zo kwashe yara, shi ya matsa gaban kwamandan ya faɗa masa da Jamusanci cewa zai iya aiki. Aka bar shi. Sauran yaran aka tafi da su, aka kashe.

A watan Agustan 1944 aka kai su Auschwitz, sansanin kisan gilla da 'yan Nazi suka kafa a Poland, yana ɗan shekara goma. Yara irinsa daga jirgin ƙasa ake wucewa da su ɗakin iskar guba, to amma ayarinsu daga sansanin aikin tilas ya fito, sai ba a tsaya tantance su ba. Aka tsaga masa lamba a hannu, B-2930. Ta mahaifinsa ita ce mai bi mata. Aka raba shi da uwa, daga baya aka raba shi da uba. Da sojojin Rasha suka matso a Janairun 1945, aka kora fursunoni a ƙasa cikin ƙanƙara, kwana uku, duk wanda ya zauna sai harsashi. Daga nan aka loda su a taragun da ba rufi zuwa sansanin Sachsenhausen da ke Jamus. Sanyi ya cinye masa ƙafa har aka yanke yatsu biyu. A ɗakin jinya wani fursuna ɗan Norway, Odd Nansen, ya riƙa kawo masa abin da ya samu, yana ba ma'aikata taba don kada a sa sunan yaron cikin waɗanda za a kashe.

Uban ya rasu a sansanin Buchenwald. Uwar kuwa tana raye, ta yi ta cigiya har aka gano sunan ɗan a gidan marayu na Otwock da ke Poland. Sun haɗu a garin Göttingen na Jamus a Disambar 1946.

Duk wannan share fage ne. Shi da kansa ya faɗa cewa a Göttingen yakan tsaya a baranda yana kallon Jamusawa suna yawo da iyalansu ranar Lahadi, yana jin ina ma a ce yana da bindiga mai sarrafa kanta ya buɗe musu wuta. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ke nan, kuma wa zai ga laifinsa? Amma ya tafi Amurka a 1951, ya karanta shari'a, ya yi shekara goma sha biyu yana alƙalanci a kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka, inda aka kama gwamnatin Honduras da laifin ɓatar da mutane a 1988. Ya shiga hukumar da ta binciki kashe-kashen yaƙin basasar El Salvador. Daga 2000 zuwa 2010 ya zauna a Kotun Duniya da ke Hague. Ko mu ya taɓa mu: yana cikin alƙalan da suka ba Kamaru Bakassi a Oktoban 2002, kuma har gobe hukuncin nan bai kwanta mini ba.

Na san inda za ka tare ni. A Yulin 2004, da kotun ta ce katangar da Isra'ila ke ginawa a Gaɓar Yamma ta saɓa doka, alƙalai 14 suka amince, shi kaɗai ya ƙi. Haka ne. Hujjarsa ita ce kotun ba ta da isassun bayanai, ya kamata ta ƙi ba da fatawar. A ganina ya yi kuskure, na kuma sha faɗa a aji. Sai dai a cikin bayanin nan nasa ya rubuta cewa matsugunan Yahudawa a yankin sun saɓa yarjejeniyar Geneva ta huɗu mai kare fararen hula a lokacin yaƙi, kuma duk ɓangaren katangar da aka gina don kare su haramtacce ne. Masu zaginsa ba sa karanta wannan wurin, masu yabonsa ma tsallake shi suke yi.

To, ɗana, tambayarka ta ɗauka cewa tausayi kamar tuwo ne a akushi, in an ɗebar wa wannan sai na wancan ya ragu. Ni ban ga haka ba. Yaron da aka yanke wa yatsu a 1945 ba shi ya jefa bam a Gaza ba, lokacin ma ba a kafa Isra'ila ba. Yara Yahudawa kusan miliyan ɗaya da rabi aka kashe a yaƙin nan. Yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948, wadda Afirka ta Kudu ta riƙe ta kai ƙarar Isra'ila Hague a Disambar 2023, daga tokarsu aka rubuta ta. Kai da kake son zama lauyan Falasɗinawa, ta yaya za ka ɗaga takardar nan a kotu ba ka san abin da ya haife ta ba?

Buergenthal ya rasu a Mayun 2023, bai ga wannan ƙarar ba.

Asabar mai zuwa kan ita za mu tattauna. Ka nemo fatawar 2004 da bayanin nasa, ka karanta duka biyun. Kai za ka buɗe mana, na ba ka minti ashirin, kuma da wuri za mu fara don kada magariba ta sake raba mu.

Naka,
Malaminka