Inna, ki sa Auta ya karanta miki wannan da ƙarfi

Assalamu alaikum Inna, da fatan kuna lafiya ke da yara, ya jikin Baba, ya ƙafar taki? Ni lafiyata lau alhamdulillahi, sanyi ne kawai ya shigo Istanbul amma a wajen aiki ba ma jin shi saboda zafin injin gasa fentin da muke bugawa a riguna, kar ki sa komai a ranki. Tarin da kika ji a waya warin fenti ne, ya ma tafi.

Na turo dubu 150 ta hannun Kawu. Dubu 100 naki ne, abinci da maganin hawan jininki, dubu 50 kuma ya zauna a hannun Kawu, kar a ba Auta ko sisi a hannunsa sai sun je Kwari tare.

Auta na san kai ke karantawa, to ka ji da kunnenka. Gwaggo ta faɗa min komai. Wai rigunan ƙwallon yaran unguwa guda 40 da ka buga, jajaye, farin rubutun ya koma ruwan hoda kafin sati, sun dawo maka da su har ana cacar baki a ƙofar gida gaban Baba. Haba Auta. Sau nawa na ce maka ka duba lebul ɗin wuya kafin ka saya? Jar riga mai leda, poliyesta, in ka gasa fenti a kanta rinin yadin ne ke tashi ya shige cikin farin, kuma ba a take yake nunawa ba, sai ka kai kaya ka karɓi kuɗi sannan ya tona maka asiri. Fentin da kake amfani da shi sai zafi ya kai wajen digiri 160 yake kamawa, ita leda ba ta jure wannan, tana da nata fentin daban mai gasuwa a ƙaramin zafi, kai kuma ba ka da shi. Araha ka gani ka kwaso.

Ni ma da laifina, a waya na koya maka rabi da rabi ina gyangyaɗi bayan na tashi aiki, na ce ka fara. Da ina gida da haka ba ta faru ba.

Yanzu ka saurara. Ka sayi koton zalla, fari ko ruwan toka mai haske, ka buga baƙi ko shuɗi a kai, kala ɗaya, shi kenan. Koton na shan fenti, sai dai yana ɗan tsukewa in an wanke, ka gaya wa mai kaya tun farko. Ka ɗaga rigar a rana, in kana hango yatsunka ta ciki ka ajiye musu abinsu. Baƙar riga kuwa sai ka fara shimfiɗa fari a ƙasa ka busar sannan ka ɗora kala, in ba haka ba ruwan ɗorawa sai ya fito kamar ya kwana a kwata, wato allon buga fenti biyu aiki biyu, kuma kowace kala da allonta, amma na ji kana karɓar kuɗi ɗaya da na farar riga. Wa ya koya maka wannan lissafin? Kuma ka daina lafta fenti faffaɗa a ƙirji, a zafin Kano mutum ji zai yi kamar ya manna leda a jikinsa. Ka buga ɗaya tak, ka wanke, ka bar ta kwana uku ka gani kafin ka taɓa sauran.

Inna kin san nan Merter unguwar ƴan tufafi ce gaba ɗaya, kuma yanzu maigidana ni yake bari in haɗa kala, har ƴan ƙasar da suka riga ni shiga shagon ni suke tambaya. Tsayuwa ce dai daga safe har dare amma an saba. Jiya na yi mafarkin tuwon dawa da miyar kuka na farka ina jin haushi.

Yaran ƙwallon nan a sake musu rigunansu daga cikin dubu 50 ɗin, kar a ce gidanmu an ci haƙƙin wani. Kuma na sake faɗa, kuɗin a hannun Kawu, Inna don Allah kar ya marairaice miki ki ba shi, na san halinki da autanki. Ki gaishe da Baba ki ce ya yafe min rashin kira, katin waya ne. Auta ka turo min hoton lebul ɗin kafin a biya.