Zuwa ga Ƙanena Mai Ganga: A Buga Kiɗan Wani Daidai, Ko A Rage?

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. A taron makaɗa ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: ƙungiyar da ke buga waƙoƙin wasu a wurin biki, dole ne mai ganga, wato mai buga jerin gangunan bature, ya kwaikwayi kiɗan yadda yake a faifai, ko yana da damar ya sauƙaƙa? Lokaci bai bari na ba ka cikakkiyar amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Ra'ayina shi ne ka rage ado yadda ka ga dama, amma kada ka taɓa abin da masu rawa suke takawa a kai.

Yawancin waƙoƙin Hausa na zamani da ake roƙonku a dina ba hannun mutum ne ya kaɗa su ba. A situdiyo aka haɗa su da kwamfuta da piyano: gangar ƙafa a layinta, tafi a nasa, kacau-kacau da kalangu a nasu, duk suna tafiya lokaci guda. Kai kuwa hannu biyu da ƙafa biyu Allah ya ba ka. Wanda ya ce sai ka fitar da komai bai san yadda aka yi waƙar ba. Ragewa dole ce, aikin yana wurin zaɓen abin da za a rage.

Gangar ƙafa ba a rage ta. Inda ta sauka a faifai, nan za ta sauka a wurinka, domin mai bes, wato gita mai kaurin murya, da ita yake tafiya. Ka matsar da bugu ɗaya, bes ɗinsa ya faɗa rami, kiɗan ya yi sako-sako, jama'a su koma kujera ba tare da sun san dalili ba. Ɗauki rege: a salon da aka fi sani, cikin bugu huɗun da ake ƙirgawa, na farko a bar shi fayau, gangar ƙafa da gefen sineya (ƙaramar ganga mai kaifin sauti da ke gaban makaɗi) su sauka tare a na uku. Mai ganga da ya cike na farko don ya ji daɗin ƙirga ya kashe regen. Haka kiɗan da ke tafiya uku-uku, irin wanda mata ke takawa a kamu. Yara da yawa suna miƙar da shi ya koma huɗu-huɗu saboda ya fi sauƙi a hannu, sai ka ga ƙawayen amarya sun fito fili suna neman inda za su sa ƙafa. Wannan ya fi komai ɓata mini rai, domin ba sauƙaƙawa ba ce, wata waƙa ce daban.

Tsayawa da shigowa su ma a bar su yadda suke. Inda kiɗa ya ɗauke mawaƙi ya faɗi kalma shi kaɗai, nan masu liƙi suke jira.

Inda kake da 'yanci shi ne haihat (faranti biyu na ƙarfe da ake bugawa da sanda), da ƙananan bugun sineya, da zagayen da ake yi a kan gangunan tom-tom kafin amshi. Waƙar da ke gudun bugu 120 a minti, in ka raba kowane bugu huɗu a haihat, taɓi takwas ke nan a daƙiƙa. Da hannu ɗaya ba za ka kai ƙarshen waƙa ta uku ba sai kafaɗa ta sage, gudu ya fara raguwa. Ka raba biyu, taɓi huɗu a daƙiƙa, ko ka sa hannu biyu. Ƙananan bugun sineya kuma, a babban zaure a Barnawa ko Kawo, ga janareta na ruri ga sifika ta ƙure, babu makirufo a kan sineyar, ko na layin gaba ba ya jin su.

Sai dai akwai kiɗan da wannan bai hau kansa ba. Afrobit irin na Tony Allen, wanda ya kaɗa wa Fela a ƙungiyarsa ta Africa 70 kuma ya rasu a Paris a 2020, waɗannan ƙananan bugun su ne kiɗan kansa. In hannunka bai kai ba tukuna, ku cire waƙar daga jerinku har sai ya kai.

A wurin gwaji ake yanke shawarar ragewa, ba a kan dandamali ba. Saurari waƙar da abin sa wa a kunne, ka bi gangar ƙafa kaɗai, sannan ka sake ji ka rubuta wuraren tsayawa a takarda. Auna gudunta da manhajar ƙirga bugu a wayarka, ka rubuta lambar kusa da sunanta. Ku zauna kai da mai bes minti 15 ba kowa, har ƙafarka da yatsansa su zama ɗaya. In akwai mai kalangu a ƙungiyar, bar masa adon gaba ɗaya, kada ku yi ta magana a bakin juna. Daga nan ku aje waya a can ƙarshen ɗaki ku naɗi kiɗan, ka ba wanda ya san waƙar ya saurara kafin mawaƙi ya shigo. In bai gane ta ba, ka rage fiye da kima, koma ka mayar da abin da ka cire ɗaya bayan ɗaya, amma ka fara duba ko gangar ƙafa tana inda take a faifai.

Naka,
Yayanka a sana'a, Kaduna