Amsa ga Malamin da ya ce ban karanta Dickens ba

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ka tambaye ni a bainar jama'a ko na taɓa buɗe littafin A Christmas Carol kafin in rubuta cewa masu fim da masu wasan daɓe sun rage masa kaifi, ko kuwa talabijin ce kaɗai malamata. Maganarka ta cewa Bahaushe ba shi da hurumi a labarin Kirsimeti ba zan tanka mata ba, amma bayan shekara 20 ina koyar da adabi, a ce ban karanta ba, wannan ta sosa mini rai.

Hujjar da ka kafa a kaina ita ce wai na manta cewa mahaifiyar Scrooge, attajirin marowacin da labarin yake kansa, ta rasu wajen haihuwarsa, kuma daga nan zuciyarsa ta bushe. Allah ya ba Malam haƙuri, wannan zance ba ya cikin littafin da Charles Dickens ya fitar a Landan a watan Disamba na 1843. Fim ɗin 1951 ne ya ƙirƙiro shi, wanda Alastair Sim ya fito a cikinsa a matsayin Scrooge, har aka mayar da Fan yayar Scrooge domin labarin ya zauna, alhali a littafin ƙanwarsa ce, kuma da tazara mai yawa. To, tsakanina da kai wa ya yi karatu a gaban allo?

Abin da na faɗa ina nan a kansa. Dickens yana ɗan shekara 12 ya yi leburanci a masana'antar man goge takalmi, mahaifinsa kuwa yana tsare a kurkukun Marshalsea saboda bashi, a 1824. Wannan ɗacin ne ya haifi yaran nan biyu, Jahilci da Fatara, waɗanda ta biyu cikin fatalwa uku da suka ziyarci Scrooge a littafin ta fito da su daga ƙarƙashin rigarta. Finafinan 1951 da 1984 sun bar su a ciki, na yarda; na 'yan tsanan Muppet na 1992 ya share su gaba ɗaya, aka bar wa mai kallo waƙa da dariya. Tun watan Fabrairu na 1844, lokacin da marubucin wasan kwaikwayo Edward Stirling ya kai labarin dandalin wasan daɓe na Adelphi a Landan, kowa ke yanka gwargwadon abin da masu sayen tikiti za su iya haɗiyewa.

Na kuma lura tambayarka ta zo ne mako guda bayan na yi wa fassararka gyara, kuma ba kai ne na farko ba da ya mayar da gyaran rubutu gaba, ga shi yanzu masu sharhi sun yi yawa, masu buɗe littafi sun yi kaɗan. Kwafina yana nan, idan ka aiko yaro zan ba ka aro.