Kafin a biya kuɗin "tsohuwar" kujera, a kifa ta a duba ƙarƙashinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani ciniki da nake ganin yana ƙara ƙarfi a nan Damagaram, wato sayen kujerun alfarma masu sassaƙa da ruwan zinariya, waɗanda dillalai ke rantsuwa cewa tsofaffi ne daga gidajen manyan Turai. Iyayen amare masu haɗa kayan ɗaki da masu sabon gini su ne suka fi faɗawa ciki, kuma jikkunan da ake ƙirgawa ba na wasa ba ne.

Dillali yakan dafa kujera ya ce da mai saye, "Alhaji, wannan Luwi ce ta asali." Luwi na 15 ya mulki Faransa daga 1715 zuwa 1774, kuma kujerun zamaninsa an san su da lanƙwasassun ƙafafu da sassaƙar furanni, na Luwi na 16, wanda ya gaje shi, ƙafafunsu miƙaƙƙu ne masu tsaga a tsaye. Amma tun daga wancan lokaci ba a taɓa daina kwaikwayon waɗannan samfura ba. Garin Dumyat na ƙasar Masar ya yi suna da wannan sana'a, ana yi a Turkiyya da Sin, kafintocin Kano ma suna yi. Na ainihi kuwa suna gidajen tarihi da manyan gidajen gwanjo na Paris da Landan, ba a loda su a tirela tare da tsofaffin firji da katifu. A wurin masu cinikin tsofaffin kaya na ainihi, sai kaya ya kai kimanin shekara 100 ake sa shi cikin kayan tarihi. Sabuwar kujera mai kama da tsohuwa ba ta da aibi, in an faɗi gaskiyarta an kuma sayar da ita a kuɗinta.

Fuskar kujera ita ce aka yi wa kwalliya, don haka mai saye ya sa a kifa masa ita, a ɗaga ƙyallen da ya rufe ƙarƙashinta. Kafintocin zamanin da suna haɗa katako ne da huda da harshe, wato a cusa bakin wani katako cikin ramin da aka huda a wani, su soke mahaɗar da ƴar turakar itace, kuma cikin firam ɗin yakan nuna sawun aikin hannu, ba santsin inji ba. Abin da suke cusawa a mazauni gashin doki ne ko zaren tsiro, a kan ɗamarar buhu da aka kafe da ƙananan ƙusoshi. Soson katifa bai shiga aikin kujera ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 20, ƙusa mai murɗi mai kan gicciye kuwa sai a shekarun 1930 ta bazu. Gaskiya ne ana sake wa tsohuwar kujera yadi da soso, saboda haka soso kaɗai ba hujja ba ce. Amma idan mahaɗar katakon kanta da irin wannan ƙusa ko da ƙarafan bindigar kafinta aka riƙe ta, to magana ta ƙare. Sannan a shafa furannin da ke saman jingina. Sassaƙar hannu ba ta fitowa iri ɗaya sak, dole a sami ɗan bambanci tsakanin dama da hagu, alhali na yanzu da yawa roba ce ko farar ƙasa aka zuba a mazubi, aka manna a kan matsattsen garin katako, aka fesa fenti. In aka ƙwanƙwasa da farce, ƙarar ma daban take. Akwai kuma tsufan da ake yi wa kujera da gangan. Tsufan gaskiya yana inda hannu da baya da ƙafa suke gogawa: bakin madafa, tsakiyar jingina, sandar da ake ɗora ƙafa. Wanda ya ga ƙarzuwa a wurin da jikin mutum ba ya taɓawa, ya san takardar goge katako ce ta yi aikin.

Ko da an dace da tsohuwar gaske, sauran rina a kaba, domin an yi ta ne don ƙasa mai laima. Hunturunmu yana tsotse ruwan jikin katako har ya tsage, mahaɗai su saki, siririn katakon ado da aka lulluɓa a sama ya ɗago, musamman da yake mannin zamanin da na fata ne da ƙashi, wanda ke bushewa ya farfashe. Damina ta zo katakon ya sake kumbura, gara kuma tana jira a gindin bango. Wanda ya riga ya saya, ya nisanta ta daga taga da hasken rana, kada ya jingina ta da bangon ƙasa, kuma in ya ga ƙananan huji da garin katako a ƙarƙashinta, ya fitar da ita kafin ƙwaron ya kama sauran kayan ɗaki. Ni a ganina, kujerar maɗaci da kafintan gari ya yi da busasshen katako ta fi dacewa da falon da yara ke hawa suna sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne muna neman tsohon kaya a wurin baƙi, namu yana fita ta ƙofar baya. Zinder ce hedkwatar Nijar har zuwa 1926, lokacin da Faransawa suka mayar da ita Yamai, kuma a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, cikin ƙarni na 19, ayarin fatake suna haɗa garin nan da Agadas da Tarabulus. Gari irin wannan ba ya rasa tsofaffin abin zama a gidajen unguwannin Birni da Zango: kujerun zamanin Turawa masu saƙar kara, tim-tim na fata da dukawanmu suka yi wa ado, da ƴar tsugunno da masassaƙi ya fitar daga gungume guda ba tare da ƙusa ko manni ba, wadda zaman kaka da jika ya sa ta yi baƙi tana sheƙi. Irin waɗannan ne ake jefarwa a bayan ɗaki idan an kawo sabon saiti, ko kuma a rabu da su a kuɗin goro ranar rabon gado, mai saye ya san abin da ya ɗauka, mai sayarwa bai sani ba. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, amma doka ba ta shiga zaure ta hana magaji sayar da kujerar kakarsa. Sanin darajarta ne kaɗai zai hana.

Ina ba masu saye shawara su tafi da kafinta wanda suka amince da shi, su kuma nemi dillali ya rubuta a takardar ciniki shekarun da yake da'awa da ƙasar da kujerar ta fito, ya sa hannu. Da yawa za su sauko da farashi tun kafin a miƙa musu biro. Ku kuma ina roƙon ku tura wakilinku kasuwar Dole ranar Alhamis, ya zauna da dukawa da masassaƙa da masu gyaran kujeru, ya ji daga bakinsu yadda suke gane tsohon aiki da abin da gyaransa ke ci.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga unguwar Birni, Zinder