Sanarwa: tsaftace ruwan da muke sake ba tumatir

Assalamu alaikum ƴan uwa manoman girinhaus, wato rumfunan da ake shuka a cikinsu, barkanmu da aiki.

Kun dai ga yadda tumatir ke yanƙwanewa a rumfuna biyu, in aka tuge sai a tarar saiwa ta ruɓe. Irin aikin Pythium da Phytophthora ke nan, ƙwayoyin cuta masu iyo cikin ruwa. Tunda ruwan da ya tsiyaye daga shuka tanki ɗaya yake komawa, rumfa guda na iya shafa wa kowa.

Saboda haka za mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar a gindin babban tanki.

Daga yau kowa ya riƙa tace ruwansa kafin ya koma tanki, don datti na cinye ƙarfin kulorin, sinadarin da ake zubawa a ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. Kulorin ɗin kuma kada a zuba da ka. Miligiram 2 a lita muke so ya rage cikin ruwan, in ya yi yawa saiwar yake ƙonawa. Shukar da ta kamu a tuge ta a ƙone, ban da jefawa cikin takin gargajiya.

A zo da gudummawar sayen takardar gwajin kulorin. Za mu kuma tattauna batun matatar ruwa ta yashi, wadda ni dai na fi karkata gare ta.

Allah ya ba mu amfani mai albarka.

Sakataren rukuni